Yadda Ake Zaɓen Kan Silinda Mai Ƙara Ƙarfi ga Injin da Aka Sauya wa Kayan Ciki

Aikin injin fetur bai wuce zuƙar iska da mai, da matse su, da ƙone su, da fitar da hayaƙi ba, kuma ƙofar shiga da ƙofar fita da kwarmin da wutar ke ci duka suna cikin kan silinda, wanda makanikai suka fi kira tof. Shi ya sa duk wanda ya faɗaɗa silinda, ko ya sa kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) mai dogon zango, ko ya canza kamshaf (sanda mai tudu-tudu da ke buɗe bawul, wato murfin ƙofar iska), yakan tarar da cewa tsohon kan da injin ya zo da shi ya zama maƙura, domin inji ba ya ba da ƙarfin da ya wuce iskar da ya samu. Kuskuren da ya fi yawa a wannan gaɓa shi ne ɗaukar cewa kan da ya fi girman hanyar iska shi ya fi kyau. Kai mai kyau shi ne wanda ya dace da girman injinka, da saurin juyin da za ka riƙa aiki da shi, da irin man da kake samu a gidan mai.

Zan yi bayanin da injin Chevrolet mai silinda takwas wanda aka fi sani da 350, lambar girmansa a ma'aunin inci kubik, wato mai lita 5.7. Danginsa sun fara fitowa a Amurka a 1955, shi kuwa 350 ya bayyana a 1967, kuma da wuya a sami wani inji da kamfanoni suka ƙera wa kawuna iri-iri kamarsa. Awonsa da inci ake yi, don haka da inci zan kawo alƙaluman. Hanyar tunanin kuwa ɗaya ce ko da wane inji kake aiki.

Mataki na farko: rubuta aikin da injin zai yi

Kafin ka buɗe kasidar kowane kamfani, ɗauki takarda ka rubuta abu biyar: girman injin bayan gyara, juyi nawa a minti zai riƙa yi a yawancin lokaci, nauyin motar, irin giyarta, da man da za ta sha. Motar da ake hawa a gari tana ƙare rayuwarta ne tsakanin juyi 1,500 da 4,000, motar tsere kuwa ba ta fara aiki sosai sai ta haura 5,000. Wanda ya sa wa motar gari kan tsere zai ji ta yi sanyi a tashi daga danja, tana shan mai fiye da kima, kuma ƙarfin da ya biya kuɗinsa yana can sama inda ƙafarsa ba ta kai wa sai jefi-jefi. A nan mutum ya kamata ya gaya wa kansa gaskiya, domin duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan takarda yake tsaye.

Mataki na biyu: san abin da ke cikin injin da awo

Kada ka dogara da abin da mai sayar da injin ya faɗa maka, gani ya kori ji. Cire murfin bawul ka karanta lambar da aka zuba a jikin kan tsakanin rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, domin lambobi uku na ƙarshe su ne sunan kan a bakin masu sana'ar. Idan ka ga 882, kan shekarun 1970 ne mai kwarmin ƙonewa na cc 76 (cc ɗaya mililita ɗaya ne), wanda aka yi don rage matsi a zamanin dokokin hayaƙi, kuma an san shi da tsagewa idan inji ya yi zafi. Idan ka ga 062 ko 906, Vortec ne na manyan motocin Chevrolet da GMC daga 1996, mai kwarmin cc 64. Bayan ka sauke kan, ka auna faɗin silinda, ka duba fuskar fistin ko shafaffiya ce, ko mai rami, ko mai tudu, sannan ka juya kiranshaf har fistin ya kai ƙololuwa ka auna tazarar da ta rage tsakaninsa da fuskar bulok, wato gangar jikin injin. A injin da ba a taɓa goge fuskarsa ba wannan tazara takan kasance wajen inci 0.025.

Mataki na uku: lissafa matsi kafin komai

Wannan mataki shi ne wanda ba na yarda a tsallake, domin shi ke raba injin da zai daɗe da wanda zai fasa fistin cikin 'yan watanni. Ma'aunin matsi shi ne girman silinda haɗe da gurbin sama lokacin da fistin yake ƙasa, a raba shi da girman gurbin da ya rage lokacin da fistin ya hau sama. Silindar 350 tana da faɗin inci 4.00 da zangon fistin inci 3.48, abin da ya ba da kusan cc 717. Gurbin sama kuwa haɗakar abu huɗu ne: kwarmin kai, kaurin gaskit, tazarar fistin da fuskar bulok, da 'yan ramukan da ke fuskar fistin.

Mu ɗauki misali. Kwarmin kai cc 64, gaskit cc 9, tazarar fistin cc 5, ramukan fistin cc 6, jimla 84. Ka haɗa 717 da 84 ka raba da 84, za ka sami kusan 9.5. Yanzu ka mayar da kwarmin cc 76 ba tare da ka taɓa komai ba: jimla ta koma 96, matsi ya sauka zuwa kusan 8.5. Bambancin cc 12 kaɗai ya cinye maki guda cur. Haka kuma idan ka mayar da injin 383, ta hanyar faɗaɗa silinda zuwa inci 4.030 da sa kiranshaf mai zangon inci 3.75, silinda ta zama kusan cc 784, kuma wannan kai na cc 64 da ya ba da 9.5 ɗazu zai ba da kusan 10.3. Mutane da yawa sukan manta da wannan, su ɗora tsohon lissafi a kan sabon inji.

Nawa ne matsin da ya dace? Amsar tana hannun mai da zafin gari. Idan matsi ya fi ƙarfin man, sauran cakuɗar da ke gefen kwarmi takan fashe da kanta kafin wutar filogi ta iso gare ta, sai ka ji ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka mota a hawa. Wannan ƙara guduma ce a kan fistin da ringi. Ka lura cewa lambar oktan, wato ma'aunin juriyar mai ga irin wannan fashewa, da Amurkawa ke rubutawa a famfon mai ba ita ce ta ma'aunin RON da yawancin ƙasashe ke amfani da ita ba, tasu takan gaza da maki huɗu zuwa biyar, don haka idan kamfani ya ce kansa na son mai lamba 91 ko 93, man da yake nufi ya fi fetur na yau da kullum nesa. Wanda zai yi amfani da motar a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, kuma fetur iri ɗaya ne a kowane famfo, shawarata ita ce ya tsaya wajen 9 zuwa 9.5 da kan ƙarfe, kada ya wuce 10 da kan alminiyom. Kamshaf mai jinkirta rufe bawul ɗin shiga yana rage matsin da injin ke ji a ƙaramin juyi, saboda haka babban kamshaf yana son matsi mai ɗan yawa, ƙarami kuwa yana son a sassauta. Injin da za a sa wa tabo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana buƙatar kwarmi babba da matsi ƙasa da haka.

Akwai wata tazara da ba a cika kula da ita ba, ita ce wadda ke tsakanin shafaffen gefen fistin da shafaffen gefen kai, wato tazarar fistin da bulok haɗe da kaurin gaskit. Idan ta kasance tsakanin inci 0.035 da 0.045, kimanin milimita ɗaya, fistin yakan feso cakuɗar zuwa tsakiyar kwarmi da ƙarfi, wuta ta ci da sauri, ƙarar fashewa ta ragu. Saboda haka rage matsi ta hanyar sa gaskit mai kauri dabara ce mai cutarwa, tana iya ƙara matsalar da ake gudu. A rage matsi da kwarmin kai ko da fistin mai rami.

Kada kuma ka ɗauki girman kwarmin da aka rubuta a kwali a matsayin tabbas, musamman a kan da aka taɓa goge wa fuska. Awon ba wuya. Ka kwantar da kan fuskarsa na kallon sama, bawuloli a rufe, filogi a ɗaure. Ka shafa giris siriri a kewayen kwarmin, ka manna farantin roba mai gani-har-hanji wanda aka huda wa rami ɗaya kusa da gefe, ka ɗan karkata kan yadda ramin zai zama a sama. Sai ka riƙa ɗura kananzir da sirinji mai lamba, kana kallon kumfar iska tana tsukewa tana gudowa wajen ramin, har ta ɓace. Abin da ka ɗura shi ne girman kwarmin. Ka auna aƙalla na farko da na ƙarshe a kowane kai.

Mataki na huɗu: girman hanyar iska

Kamfanoni irin su Edelbrock, AFR, Dart, Brodix da Trick Flow suna sayar da kawunansu da lambar girman hanyar shigar iska, kamar 180, 195 ko 220, duka a ma'aunin cc. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne iska tana da nauyi, kuma idan tana gudu a hanya matsattsiya takan ci gaba da kutsawa cikin silinda ko da fistin ya fara dawowa sama. Hanya mai faɗi fiye da buƙata tana kashe wannan gudu, man da ke cikin iskar ya riƙa kwanciya a bango, injin ya rasa kuzari a ƙasa. Hanyar da ta yi ƙanƙanta kuma tana shaƙe injin a sama.

Ga 350 na hawan yau da kullum da ba zai wuce juyi 5,500 ba, cc 170 zuwa 180 ya wadatar. Ga 350 mai babban kamshaf ko 383 na titi, wajen 195 ne gurbin da ya fi dacewa. Daga 210 zuwa sama na injin 400 ko fiye ne, ko wanda zai zauna sama da juyi 6,500. Idan kana kokwanto tsakanin biyu kuma motar mai nauyi ce ko mai giya atomatik, ɗauki ƙaramin. Wannan kwatance yana aiki ne a cikin dangi ɗaya kawai, domin hanya mai tsawo takan ba da cc mai yawa ba tare da ta fi faɗi ba, don haka ba a gwada lambar kan 350 da ta LS, wani dangin injin Chevrolet na daban, ko ta Ford.

Mataki na biyar: karanta jadawalin iska yadda ya kamata

Kowane kamfani yana buga jadawalin da ke nuna yawan iskar da kansa ke wucewa da ita a minti, da ma'aunin CFM, a buɗewar bawul daban-daban. Abin da ake bugawa da manyan baƙaƙe shi ne adadi mafi girma, galibi a buɗewar inci 0.600 ko 0.700. Idan kamshaf ɗinka bai buɗe bawul ya wuce 0.480 ba, wannan adadi ba naka ba ne. Bawul yana kaiwa ƙololuwa sau ɗaya a kowane zagaye, amma yana ratsa tsakiyar hanya sau biyu, a hawa da a sauka, saboda haka layukan 0.200, 0.300 da 0.400 su ne za ka zuba wa ido. Ka tabbata kuma an yi gwajin a matsin inci 28 na ruwa, wanda shi ne aka fi amfani da shi, domin adadin da aka samu a wani matsin ba a gwada shi da wannan kai tsaye.

Akwai ƙiyasin da masu haɗa inji ke yi cewa a inji mai silinda takwas maras tabo, kowane CFM ɗaya na iya ɗaukar ƙarfin doki kusan biyu. Kan da ke wuce 230 ke nan zai iya ciyar da doki 460 ko sama kaɗan, amma wannan rufi ne da ake kaiwa idan komai na injin ya dace. Amfanin ƙiyasin shi ne ya nuna maka cewa mai neman doki 380 ba ya buƙatar kan da ke wuce 300. Hanyar hayaƙi kuma ana son ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hanyar shiga.

Girman bawul yana bin faɗin silinda. Vortec yana da 1.94 na shiga da 1.50 na fita, yawancin kawunan ƙarin ƙarfi kuma 2.02 da 1.60. A silinda mai inci 4.00 wannan ya zauna daidai, amma a injin 305 mai faɗin 3.736 babban bawul yana matsowa jikin bango har bangon ya tare masa iska, wani lokaci ma ya taɓa shi.

Mataki na shida: ƙarfe ko alminiyom

Alminiyom yana rage wa gaban mota kimanin kilo 20, yana fitar da zafi da sauri har ya jure ƙarin rabin maki zuwa maki ɗaya na matsi, kuma idan ya tsage ana iya yi masa walda. Ƙarfe ya fi araha, ya fi haƙuri idan lagireta ta gaza injin ya tafasa. Ga mai ƙaramin kasafi, Vortec na ƙarfe yana da wuyar kayarwa, domin kwarminsa mai siffar zuciya yana ƙone mai da sauri, har yakan wadatu da tayimin (kunna wutar filogi kafin fistin ya kai ƙololuwa) na wajen digiri 32 inda tsofaffin kawuna ke neman 36 ko fiye. Sai dai a lissafa kuɗin gyaran da zai buƙata, wanda zan zo kansa, domin wani lokaci jimlar takan kusa kuɗin sabon alminiyom.

Mataki na bakwai: sifirin da kayan bawul su dace da kamshaf

Kan da aka sayar a haɗe yana zuwa da sifirin rufe bawul da kamfani ya zaɓa, kuma ba lallai ne ya dace da kamshaf ɗinka ba. Fara da lissafin buɗewa: tudun kamshaf sau ribar roka. Tudu mai inci 0.320 da roka 1.5 yana ba da 0.480, amma da roka 1.6 ya zama 0.512. A cikakkiyar buɗewa dole ne zoben sifirin su rage tazarar aƙalla inci 0.060 kafin su haɗe, kuma hular sifirin kada ta sauka a kan sil ɗin bawul, wato robar da ke hana baƙin mai bin sandar bawul. A nan ne Vortec yake da rauni, domin yadda ya fito daga masana'anta hular takan kusa sil tun buɗewar 0.450 zuwa 0.480, sai an rage tsawon bututun bawul ko an sa sifirin da hula na musamman.

Ƙarfin sifirin ma abin dubawa ne. Tafet shi ne ƙarfen da ke zaune a kan tudun kamshaf. Kamshaf mai tafet shafaffe ba ya jure sifirin mai ƙarfi irin na kamshaf mai tafet na taya, kuma idan aka haɗa su tudun yakan cinye tun a kunnawar farko, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya zaga injin gaba ɗaya. Sifirin mai rauni kuma yana barin bawul ya riƙa shawagi a babban juyi. Takardar da ke zuwa da kamshaf tana faɗin ƙarfin da ake so, ita za ka bi. Ka nemi kai mai turakun roka na zare maimakon waɗanda aka dasa da matsi, domin na dashe sukan zaro idan sifirin ya yi ƙarfi. Idan kan yana da farantin da ke riƙe sandar tura roka, a sa sanduna masu tauri, kuma kada a haɗa shi da roka mai daidaita kanta.

Mataki na takwas: shin zai ɗauru a motarka?

Manifol shi ne mashigar da ke raba wa kawuna iska. Na tsohon 350 yana da kusoshi 12, na Vortec 8 ne masu sauka a miƙe, kuma kawunan 1987 zuwa 1995 sun sauya kusurwar kusoshin tsakiya, don haka kowane kai da manifol ɗinsa. Murfin bawul ma iri biyu ne, mai kusoshi a gefe da mai kusoshi a tsakiya. Wasu kawuna filoginsu a miƙe yake, wasu a karkace, kuma na karkace yakan ci karo da bututun hayaƙi. Kawunan da suka girmi 1969 galibi ba su da ramukan ɗaure altaneta da famfon sitiyari a goshinsu. Bulok ɗin 400 yana buƙatar a huda wa kai ramukan fitar tururi, kan LT1, wani samfurin 350 na 1992 zuwa 1997, kuwa ruwansa ta wata hanya yake bi, ba ya hawa tsohon bulok sai da aiki mai yawa. Yawancin kawunan alminiyom kuma suna son filogi mai dogon zare.

Mataki na tara: duba kan kafin ka biya

Idan na hannu ne, a wanke shi tas a gwada tsaga, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu: na ƙarfe da garin maganaɗisu, na alminiyom da matsin iska cikin ruwa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a ga ko ta lanƙwashe, a girgiza bawul a bututunsa a ji ko yana wasa. Idan an goge fuskarsa da yawa, ramukan manifol ba za su sake haɗuwa daidai ba. Sabo ma a kwance shi a duba, musamman marasa suna masu arahar da ta wuce hankali, domin araha ba ta ado, kuma bawul ɗaya da ya tsinke ya isa ya hallaka inji. Ga irin waɗannan, gara a sayi gangar jikin kawai a zuba mata bawul da sifirin na kamfanin da aka sani.

Mataki na goma: gwajin ɗauri kafin ɗaurin ƙarshe

Ka manna yumɓun roba irin na wasan yara a ramukan fistin na farko, ka shafa wa bawul mai don kada ya like, ka ɗora kan da gaskit, ka sa tafet mai tauri a madadin mai aiki da mai don kada ya lotse ya ruɗe ka. Juya kiranshaf da hannu zagaye biyu a hankali, idan ka ji ya cije kada ka tilasta. Sauke kan, ka yanka yumɓun da reza daidai inda bawul ya bar shaidarsa, ka auna kaurin wurin da ya fi siranta. Ana son aƙalla inci 0.080 a bawul ɗin shiga da 0.100 a na fita.

A wannan zama ne kuma za ka gwada tsawon sandar tura roka, domin sabon kai yakan sauya shi. Ka shafa wa kan sandar bawul baƙar maka, ka ɗaura roka, ka juya injin, ka cire ka duba layin da ta goge. Ana son siririn layi kusa da tsakiya. Idan ya karkata wajen manifol sandar ta yi gajarta, idan ya karkata wajen bututun hayaƙi ta yi tsawo.

Ɗaurin ƙarshe yana da kusoshi 17 a kowane kai. Zarensu yana shiga cikin ruwan bulok, don haka a shafa musu abin toshe yoyo, kuma a sa washa mai tauri a ƙarƙashinsu idan kan alminiyom ne. A ɗaure daga tsakiya zuwa waje a hawa uku da sifana mai awon ɗauri, har zuwa fam-ƙafa 65, kimanin Nm 88, sai fa idan mai kusoshin ya rubuta wani adadi. Bayan an kunna, a sake saita tayimin da kafireta tun daga tushe, a fara da tayimin mai sassauci, a hau tudu da babbar giya ana sauraron injin, sannan a cire filogi a duba farin tangaransa. Idan ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar barkono ko ƙyalƙyalin alminiyom a jikinsa, ka mayar da tayimin baya digiri biyu ka sake gwadawa.